Jan Tulun da Aka Ɗinke Cikin Fata

Ni mutumin ƙasar Kiru ne, ɗan manomi, jikan manomi. Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna nan da rai kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Mahaifina mutum ne da ko zangarniyar dawar maƙwabci ta leƙo gonarsa sai ya tura ta ta koma. Na faɗi wannan ne don kada wani saurayi ya karanta labarina ya ce gado na yi. Abin da na aikata ni na koya wa kaina, a hankali, ba tare da malami ba.

Na yi elementare har na iya karatun boko, kuma karatun ne ya haɗa ni da ƙananan littattafan nan da ake shimfiɗawa a kasuwa kusa da masu turare. Labarinsu kusan ɗaya ne. Saurayi talaka ya hangi kyakkyawa, wata masifa ta taso, kowa ya gudu, shi ya yi tsalle ya cece ta, aka yi biki. Na karanta su har na daina ganin duniya yadda take. In aka aike ni kai abinci gona, sai a tarar da ni gindin ɗorawa ina ƙwato 'yar sarki daga bakin dodo, tuwo ya sandare, masu noma suna can suna hamma. Da mahaifina ya gaji sai ya ce, "Kai ba mugun yaro ba ne, amma kullum rabinka yana wani gari. Tafi Kano wurin kawunka, ko ka haɗu da sauran rabin a can."

Zamanin nan gyaɗa ce take tashe, ana tara ta dala-dala a Kano, ba a kai ga mulkin kai ba. Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata, yana aiki a wani kamfani mai sayar wa siton gyaɗa da kasuwannin auduga kayan kashe gobara. Akwai jajayen bokitai na yashi, akwai kuma tukunyar kashe gobara. Ga wanda bai san ta wancan lokaci ba, dogon jan ƙarfe ce mai murfin tagulla da ɗan baki kamar na buta. Ana cika ta da ruwa, a dama da wata farar hoda da ake kira soda, sannan a saƙala 'yar kwalbar asid, ruwan nan mai cin fata, a ƙarƙashin murfi. In wuta ta tashi sai ka kifa ta ka buga kanta da ƙasa, kwalba ta fashe, ruwa ya yi tsiri har ya kai kan jinka. Mutanen ƙauye ba su wahalar da bakinsu da dogon suna ba. Jan tulu suke cewa.

Kawu Bala ya koya mini cewa sayarwa ba ita ce aikin ba, komawa ita ce aikin. Kowace kaka sai an bi kowane tulu an buɗe, an zubar da tsohon ruwa, an wanke, an zuba sabo, an tsokace bakin da allura, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a nan. Ya ce da ni, "Ɗan nan, wannan sana'a ba mai tsayawa a kanka. Ranar da za a gane ko ka yi ko ba ka yi ba, ranar ba gyara." Na ce na ji. Gaskiya ban ji ba, ina kallon kakin da aka ba ni ne, ina tunanin yadda zai yi mini kyau in na fito daga cikin hayaƙi ɗauke da wata kyakkyawa a hannu.

Da hannuna ya faɗa sai aka ba ni kudu: Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa. Aka ba ni keke da akwatin katako mai ɗauke da soda da kwalabe.

A Doguwa na fara. Na ratso daji, rabi a bayan motar kaya rabi a kan keke, na iso a gajiye liƙis. Akawun sito ya sa aka dama mini fura, na sha na miƙe ƙafa, ga littafi a aljihu daidai inda aljani ya sace amarya. Rijiya kuma da nisa. Sai na ce a raina, ruwan bara ai ruwa ne, me zai same shi a cikin ƙarfe? Na goge tuluna da tsumman mai, na dirje murafen da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido. Da akawu ya gani sai ya ce, "Madalla. Wanda ya zo bara sai da ya mayar mana da sito fadama, kai kuwa dubi tsabta." Na tafi ina jiran wani abu ya faru. Ba abin da ya faru, sai ma yabo da ya riga ni isa Kano. Samari, ku riƙe wannan. Da an mare ni a ranar, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Tun da ba na zubawa, soda ta taru a akwati. Wata mai ɗanwake a Bebeji ta gwada ta a madadin kanwa, ɗanwake ya yi laushi, labari ya bazu cikin gidaje, sai ga mata suna aiko a ba su kanwar Bature. Asid kuwa maƙeran farfaru suka gano yana wanke awarwaro fes. Da na akwati ya ƙare, na shiga zare tsofaffin kwalaben da ke cikin tulunan sito. Kowane mataki in na duba sai in ga bai fi na jiya girma ba sosai.

Bayan kamfani akwai wani kango da ake jibge tulunan da suka yi tsatsa suka huje. Na riƙa ɗauke su ɗaya-ɗaya, in liƙe hujin da kwalta, in shafa jan fenti, in cika da yashin rafi don su yi nauyi. Na shiga sayar wa fatake da masu gari da duk wanda yake da rumbu da son a san shi. Matsala ɗaya ce, kada wani ya gwada. Nan karatuna ya yi mini rana. Na ce musu a wata ƙasa ake ƙera shi can bayan teku, inda tun da aka halicci duniya ba a taɓa gobara ba. Na ce numfashinsa ne yake aiki, wuta tana jin warinsa tun daga nesa sai ta canza hanya. Ba a taɓa shi, ba a buɗe shi, ba a barin yara kusa. In kuwa aka sami wuta mai taurin kai ta zo duk da haka, to ni kaɗai na san sarrafa shi, a aika a kira ni. Na san kafin ɗan aike ya same ni gida ya zama toka, sai in zo in girgiza kai in ce an makara.

Ana cikin haka na ga Hansai a Tudun Wada. Bazawara ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinta, tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli a wata rumfa a tsakar gida kusa da rumbunsu, a fitar a sayar a ƙofa. Ran da na fara ganinta ta leƙo zaure ne da faranti a hannu, gumi a goshi, gefen zanenta duk mai. Ni kuwa sai na ga wata daren goma sha huɗu ya sauko ƙasa yana sayar da ƙuli. Na jingine keke, na gyara hula, na ɗauko mafi kyawun abin da na haddace.

Na ce, "Tun da idona ya faɗa kanki, zuciyata ta kama da wutar da ba tulun da zai kashe ta."

Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "To matsa daga jikin zana kada ka kama mana gida. Ƙuli za a ba ka ko mai?"

Na sayi ƙuli. Na dawo na sake saye. Na ci ƙuli a wannan rani har muƙamuƙina ya yi ciwo. Ta sa mini suna Malam Jan Tulu, kuma in na jero mata kalaman littafi sai ta ce in dakata ta kira maƙwabciyarta ita ma ta ji, kada daɗin ya ƙare a kanta ita kaɗai. Amma ba ta kore ni ba. Bazawara ita ke zaɓen wanda take so, masu zuwa kuma suna da yawa, har da masu shanu. Wata rana ta ce, "Kai dai ba ka da hankali sosai, amma ba ka da mugunta. Je ka gaida Baba." Na koma masauki ban san ko keken ne ya ɗauke ni ko ni na ɗauke shi ba.

Mahaifinta, Baba Tanimu, baduku ne, tsoho mai sanyin magana, wanda duk ƙasar aka san ɗinkinsa na layu da kube da jakunkuna. Ba a zuwa gaida suruki hannu sake. Na zaɓi tulun da fentinsa ya fi kama ido na kai masa, na durƙusa na zayyana masa labarin ƙasar bayan teku. Ya saurara har na gama, yana shafa gemu.

Ya ce, "Ɗana, ka ce ba a taɓa shi?"

Na ce, "Ba a taɓawa, Baba."

"Kuma tsari yake yi tun daga nesa, ko ba a ce masa komai ba?"

"Haka ne, Baba."

Ya ce, "To ai laya ce. Laya kuwa ba a barinta tsirara."

Da na dawo zagaye na gaba, na tarar ya ɗinke tulun ruf cikin jar fata, ya yi masa ado da kore da baƙi, ya sa masa tuntaye, har da ɗan madubi a tsakiya. Ya sa tsani ya rataye shi can ƙololuwar zaure inda hannu ba ya kaiwa. Na ɗaga kai na kalla, na ji daɗi har cikin raina. Abin da aka ɗinke ai ba mai buɗe shi.

Duk wanda ya shigo zauren sai ya tambaya. Kafin kaka ta zagayo, wanda duk yake da jan tulu tsirara kunya yake ji, kamar ya fita kasuwa ba wando. Daga Bebeji, daga Kiru, daga Doguwa ake ɗoro su a jaki a kawo wa Baba Tanimu. Wani bafatake ya sa aka yi wa nasa hula. Wani ya ce a haɗa masa da layar maganin ɓarayi a ciki, aiki ya zama biyu. Baba ya sami aiki har ya gyara katangar gida, yana gaya wa kowa cewa Allah ya kawo masa suruki mai ƙafar alheri. Aka sa ranar ɗaurin aure kafin saukar damina.

Hansai ce kaɗai ba ta gamsu ba. Wata rana muna zance a zaure, tartsatsi daga kaskon mai tsire na ƙofar gida ya faɗa mini a riga, na cire hula na kashe shi da sauri. Ta ce, "Malam Jan Tulu, ga maganin wuta a saman kanka, ya ka kashe da hula?"

Na ce, "Ai ba a tashin babba saboda ƙaramin aiki."

Ta ce, "Wata rana dai ka buɗe mini in ga abin da ke ciki."

Na ce, "Bayan biki, hasken idona."

Wallahi na yi niyyar canza na gidansu da na gaskiya. Kullum ina cewa zagaye mai zuwa. Sai in tuna sai an farke ɗinki, in an farke za a tambaye ni dalili, sai in bari.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi, cikin bazara, iska tana kaɗawa kamar da gayya. Ina zaune a zaure tare da Baba muna maganar goron ɗaurin aure. Sai muka ji salati daga cikin gida. Iska ta turo harshen wuta cikin kaskon mai, mai ya kama, ya lashi rufin rumfa.

Mutanenmu sun san gobara tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera jan tulu. Da an yi kururuwa, maza su yi kan zana su tumɓuke, su yaye jinkar ɗakunan kusa don wuta ta rasa abin ci, mata su fito da tulunan ruwa, a yi ta watsa ƙasa. Haka aka fara. Mutane sun cika gida, wasu har sun kama zanan da ke tsakanin rumfa da rumbu. Sai mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, kada ku yi wa bawan Allah ɓarna a banza. Gidan nan akwai jan tulu, ga kuma mai shi Allah ya kawo." Kowa ya saki abin da ya riƙe. Masu ruwa suka sauke tuluna. Duk aka juyo ana kallona.

Aka nemo tsani a gidan maƙwabta, aka sauko da tulu. Wani mahauci ya zaro wuƙa, Baba ya tare shi ya ce, "Haba, wannan ɗinkin ba na wuƙa ba ne." Ya zauna a ƙasa ya ɗauko basilla ya shiga warware zare ɗaya-ɗaya, yana lallaɓawa kada fata ta yage. Wuta tana ci, jama'a sun yi da'ira suna ba shi shawarar ta inda zai fi sauri. Duk tsawon wannan lokaci ina tsaye, bakina yana nan, lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kamata in ce bai fi numfashi ɗaya ba: yashi ne a ciki, ku koma kan zana. Amma in na faɗa, ba Hansai. Kuma, kada ku yi dariya, wani ɓangare na zuciyata yana jiran abin mamaki. A littafi, daidai nan ne wani abu yake faruwa. Har na fara gaya wa kaina wataƙila na yi kuskure na ba Baba na gaskiya.

Hansai ce ta fizge wuƙar mahauci ta tsarge fatar daga sama har ƙasa, ta tura mini tulu ta ce, "Ga shi. Yi abin da za ka yi."

Aka buɗe mini hanya. Wani maroƙi da ya biyo jama'a daga kasuwa ya fara yi mini kirari, yana cewa ga angon Hansai, ga mai sa wuta ladabi. Ga hayaƙi, ga taro, ga kyakkyawa tana kallona. Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, ba abin da ya rage. Na gyara tsayuwa, na ɗaga tulu sama yadda kowa zai gani, na kifa shi na buga da ƙasa.

Ko tsaki bai yi ba.

Na sake bugawa. Na girgiza shi, na kara kunne kamar mai sauraron kankana. Maroƙi ya rage murya. Daidai nan iska ta ɗauki wani guntun zana mai ci ta ɗora kan hular rumbu, inda dawar shekara take.

Sai na ji muryar Baba Tanimu a bayana. Ya ce, "Jama'a, ku yi mini haƙuri. Laifina ne. Yaron nan ya ce kada a taɓa, ni na taɓa. Wataƙila basillata ce ta huda masa numfashi." Wuri ya ɗauki gunaguni. Wani ya ce ashe ɗinkin nan ya kashe mana namu ke nan. Wani ya cafki wuyan rigar tsoho yana tambayarsa wa zai biya shi. Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce, "Malam, haka ne? Ɗinki yana kashe shi?"

Na ga ƙofa a buɗe, na shiga. Na ce, "Mai yiwuwa ne."

Hansai ta ɗauko taɓarya ta kwantar da tulu, ta dinga dukan murfin har ya fita. Ta ɗaga gindinsa. Yashi ya zubo, tari guda, har da 'yan ƙananan duwatsun rafi da busasshen kashin akuya. Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta sa ƙwarya ta kwashi yashin ta watsa cikin kaskon mai. Kasko ya mutu nan take. A duk sana'ata, wannan ne karo ɗaya da kayana suka kashe wuta.

Sai a lokacin maza suka farka suka koma kan zana da jinka yadda iyayensu suka koya musu. An tsare gidajen maƙwabta, ba wanda ya rasa rai, alhamdu lillahi. Amma rumfa ta tafi, rumbu ya tafi da dawarsa. Na lallaɓa wajen keke, na tarar maroƙin nan yana zaune a kai yana jirana. Shi ya riƙe ni har 'yan doka suka zo, kuma a hanya bai fasa yi mini kirari ba, sai dai ya canza kalmomin.

Ranar shari'a, harabar alƙali ta zama kamar rumfar dukawa. An kawo tuluna daga ko'ina, kowanne cikin rigarsa ta fata, an jera su a rana. Aka riƙa farkewa ana zazzagewa, yashi ya taru har wani ya ce a kira magina. Kawu Bala ya zo daga Kano, shi aka sa ya bi sito-sito ya buɗe na gaskiyan da na yi shekaru ina gogewa. Ya gaya wa alƙali abin da ya gani: ruwa ya yi wari, ba kwalba, zanzaro ya yi unguwa a kowane baki. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Daga baya na ji kamfani ya sallame shi, domin shi ya tsaya mini.

Mutum ɗaya ne ya ba da shaida a kaina ta alheri, wani dattijo daga Doguwa da ya rungume tulunsa ya hana a farke. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nawa yana aiki. Tun da na rataye shi ban yi gobara ba."

Alƙali ya ce, "Kafin ka rataye fa, ka taɓa yi?"

Ya yi tunani ya ce, "A'a. Amma da ban da kwanciyar hankali."

Aka bar masa abinsa, ya ɗora a jaki ya tafi. Ni kuwa da aka tambaye ni ko ina da magana, na fara da cewa so ne ya rufe mini ido. Alƙali ya ce so bai san hanyar rafi ba, balle ya ɗebo yashi. Ya yanke mini ɗauri, aka kai ni gidan yari a Kano.

Ba zan ƙawata muku gidan yari ba. Akwai kwarkwata, akwai tuwon da in ka jefi bango da shi bango ne zai ji ciwo, akwai ɗaukar bokitin bahaya da sassafe a bi ta cikin gari, mutanen da suka san ka da kaki suna kallo. A nan mahaifina ya rasu ban ga gawarsa ba. Da farko ina ba fursunoni labarina kamar na littafi, ni ne jarumin da ƙaddara ta faɗa wa, suna dariya suna ba ni ɗan goro. Sai wani tsohon malami da ke zuwa yi mana wa'azi ya ji, ya kira ni gefe ya ce, "Labarinka da daɗi, amma kullum kana tsallake inda tsohon nan ya ba da haƙuri. Me ka ce a wurin?" Na gaya masa. Ya ce, "To daga nan tubarka za ta fara. Allah yana yafe nasa, na mutane kuwa sai ka je ƙofarsu."

Da aka sake ni ban nufi Kiru ba, Tudun Wada na nufa, a ƙasa. Na sami Baba Tanimu a zaure, ya ƙara tsufa, aiki ya ja baya, domin mutane sun daɗe suna tsokanarsa da mai yi wa yashi riga. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ba kalmar littafi ko ɗaya. Ya ce, "Na yafe tun kana can. Amma rumbu ba ya cika da yafiya. Ga fartanya." Na yi masa noma damina biyu, ina kwana a zaure. Hannun da bai saba ba ya fashe ya warke ya sake fashewa, har muka ga sabon rumbu ya cika.

Hansai ta yi aure tun ina ɗaure, ta auri wani mai jakai, mutumin kirki marar yawan magana. Tana zuwa gaida Baba, in ta gan ni ta amsa sallama ta wuce. Ranar da zan tafi na tare ta a ƙofa, da goyo a bayanta, na ce ta yafe mini dawar da rumfar.

Ta ce, "Dawa ai ka biya. Yashin ma da na iya haƙura da shi, don tun ranar hula na san akwai wata a ƙasa. Na ce in mun yi aure zan gyara ka. Da ka buɗe baki ana warware ɗinkin nan ka ce ƙarya ka yi, da na tsaya maka gaban alƙali, da na jira ka ka fito. Amma an riƙe wuyan rigar ubana, yana ba da haƙuri a kan laifinka, aka tambaye ka, ka ce mai yiwuwa ne."

Na ce, "Na faɗa."

Ta ce, "Na yafe maka don Allah. Sauka lafiya." Ta gyara goyo ta shige.

Na koma Kiru na riƙe gonar mahaifina. Na nemi Kawu Bala har sau da dama kafin ya yarda ya karɓi gaisuwata. Daga baya Allah ya ba ni mata ta gari da zuriya, na gode masa.

Samari, ga abin da nake so ku ɗauka. In an ba ku aikin da ba mai dubawa, ku yi shi kamar ana kallo, domin akwai ran wani a rataye da shi ko ba ku san shi ba. Kada ku raina gogewar farko da ba a kama ku ba, ita ce mafi haɗari. Kada ku sayar wa mutum kwanciyar hankalin ƙarya, domin ranar da wuta ta zo zai tsaya yana jiranku alhali da hannunsa zai iya ceton kansa. Ku karanta littattafai, ban hana ba, amma ku sani ba wani abin mamaki da zai sauko ya cika tulun da kuka bari ba komai. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, har kuka ji wani marar laifi yana ba da haƙuri a madadinku, ku buɗe baki a nan take, kome za a yi muku. Ni na yi tsammanin shiru ne zai bar mini Hansai. Tana nan Tudun Wada ta tsufa cikin jikokinta, ba ko ɗaya da yake nawa.